Sandar mari, CalTracs, tsani ko sanduna huɗu: wace ƙafar baya ce za ta sa tayarka ta kama ƙasa a tseren dirag?

Tseren dirag irin na Amurka gajere ne. Motoci biyu a jere, fitila ta ba da kore, kowa ya miƙe har ƙafa 1,320, kimanin mita 402 ke nan, ko rabin haka a filaye da yawa. Amma duk wanda ya taɓa karɓar 'yar takardar lokaci da ake miƙa wa direba bayan ya gama gudu, ya san lambar da ido ke fara sauka a kanta ita ce ta ƙafa 60 na farko. Motar gida mai tayar titi takan ci sakan 2 ko fiye kafin ta wuce wurin. Wadda aka gyara wa ƙafa, wato sifirin da sandunan da ke riƙe tayoyi da bodi, aka sa mata tayar tsere takan yi 1.4 zuwa 1.6, motocin ƙwararru na ajin Pro Stock na NHRA, hukumar tseren dirag ta Amurka, kuwa ba sa ma cika sakan guda. Masu harkar suna da lissafinsu: kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a ƙafa 60, yakan zama kusan kashi biyu a ƙarshen fili.

Wannan rubutu na mai mota mai jan baya ne, mai aksul guda da ya haɗa tayoyin biyu, wanda tayarsa ke juyawa a banza ko tana tsalle in ya tashi, kuma ya rasa inda zai zuba kuɗinsa. In motarka mai jan gaba ce irin su Accord da Golf, lissafinka daban ne, don kai so kake bayan ya ƙi durƙusawa sam. Haka ma mai Mustang ta 2015 zuwa yau ko Camaro ta 2010 zuwa sama, waɗanda kowace tayar baya ke da ƙafarta ita kaɗai.

Abin da ke faruwa in ka saki birki

Abubuwa uku ne ke faruwa a lokaci guda, kuma kowane tsari da za mu duba ƙoƙari yake ya shawo kansu.

Na farko, taya na juyawa gaba, kwankwason aksul kuma na neman juyawa baya, sai bakin da furofela (sandar da ke kawo juyin inji zuwa aksul) ke shiga ya ɗaga sama. A motar da ke da sifirin mai falle-falle, wannan murɗa tana lanƙwasa sifirin, ya cika ya saki, ya cika ya saki, taya ta riƙa dukan ƙasa. Duk wanda ya taka wa Hilux ko wata a-kori-kura totur ba kaya a bayanta a kan tsakuwa ya san wannan karkarwa. A filin tsere ita ce ke karya aksul da furofela.

Na biyu, murɗar furofela tana danne tayar hagu ta baya, tana rage wa ta dama nauyi. Shi ya sa za ka ga mota ta ɗaga gaban hagu ta karkace, ta nufi dama.

Na uku shi ne mai wuyar, kuma shi ne ainihin abin da ake saye da kuɗi. Sandunan da ke riƙe da aksul suna tura motar ne ta wani wuri guda, wanda zan kira mahaɗar turi. Ka ɗauka an ja layi daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa, ya hau har saman tayar gaba daidai tsayin tsakiyar nauyin motar. In mahaɗar turi ta faɗo a kan layin nan, bayan motar ba ya sauka ba ya tashi. In tana sama da layin, bodi ya ɗaga, aksul ya danna taya ƙasa da ƙarfi. In tana ƙasa da shi, bayan ya durƙusa. Mutane da yawa in suka ga mota ta zauna da baya sai su ce ta kama, alhali a wannan ƙiftawar farko taya ce aka janyo sama cikin bodi. Dukan da ya yi yawa shi ma matsala ne: taya ta matse, ta yi tsalle ta dawo, ta kuɓuce bayan 'yan ƙafafu. Ƙa'idar da ake bi ita ce, mota mai ƙaramin ƙarfi tana son mahaɗa gajera kuma a sama don ta daki taya, mai ƙarfi sosai tana son doguwa a ƙasa don ƙarfin ya shiga a hankali ya daɗe.

Ma'aunin zaɓi

Kafin kuɗi, dokar ajin da za ka shiga. Akwai azuzuwan da suka ce dole ƙafar baya ta zauna a tsarin da kamfani ya yi, kuma da zarar ka yanke ƙasan mota ka fita daga cikinsu, ba dawowa. Sai nau'in taya. Silik, wato tayar tsere marar zane mai laushin gefe, wadda ke yamutsewa in an tashi, tana jure duka da ɗan zamewa. Radiyal ta tsere ba ta yafiya, in ta fara juyawa a banza gudun nan ya tafi. Sai ko motar za ta riƙa hawa titi ko a tirela ake kawo ta. Sannan kuɗi, da wahalar ɗaurawa, da ƙarko, da haɗari. Na ƙarshe wanda ba a cika faɗa ba: sau nawa kake samun shiga fili ka gwada? Wannan tambaya ita ta fi raba zaɓin fiye da komai.

Sandar mari

Ƙarfe ne miƙaƙƙe da ake ɗaurewa a ƙarƙashin sifirin daidai aksul, ya miƙa gaba, da curin roba a bakinsa. In aksul ya murɗa, robar ta mari idon sifirin, wato bakinsa na gaba da ke haɗe da bodi, murɗar ta tsaya. Tsohuwar dabara ce da aka sani tun motocin shekarun 1960, kuma a Amurka da dala 100 zuwa 200 ka samu. Da sifana da jak, yammaci ɗaya ya isa.

Saitinta biyu ne kawai: tazarar da ke tsakanin roba da sifirin, da inda robar ke sauka. Dole ta sauka a kan idon sifirin. In sandar ta yi gajarta ta riƙa dukan tsakiyar falle, za ta lanƙwasa shi ko ta karya. Wasu sukan rage tazarar gefen dama fiye da ta hagu don tayar dama ta riga samun nauyi. Tana kashe tsallen taya, amma ba ta ba ka ikon matsar da mahaɗar turi yadda kake so, kuma tana rage tazarar mota da ƙasa. Ta dace da injin da bai yi nisa da yadda ya fito daga kamfani ba.

Masu tsofaffin Dodge da Plymouth suna da tasu hanyar tun zamanin: sifirin Super Stock, wanda na dama ya fi na hagu tauri, da roba a saman bakin aksul da ke tokare bodi. Har yau tana aiki.

CalTracs

Kamfanin Calvert Racing na jihar Kalifoniya ne ke yin ta, kuma ita ce ta sa sifirin mai falle bai mutu a tsere ba. Akwai faranti mai juyawa a idon sifirin na gaba, da sanda da ta taso daga ƙarƙashin aksul ta same shi. In aksul ya murɗa, sandar ta tura farantin, farantin ya juya ya danne saman sifirin. Sifirin ba ya samun damar lanƙwasa, ƙarfin murɗar kuma ya koma danna taya. A farantin akwai rami biyu: na sama yana dukan taya da ƙarfi, na ƙasa da sauƙi. Ana kuma murɗa sandar a ƙara mata tsawo don a ɗora nauyi tun kafin a tashi, kowane gefe da nasa, yawanci kwata-kwatan juyi.

Kuɗinta wajen dala 400 zuwa 600, ba walda, ba yanka. Aikin da ya fi cin rai shi ne fitar da tsohon bushin na roba daga idon sifirin a matsa na alminiyum. Wannan bushin shi ne kuma ke kawo ƙara da ɗan tauri a titi, amma mutane kan sassauta sandar su yi yawonsu, su ɗaure in sun isa fili. Da yawa suna haɗa ta da sifirin mai falle ɗaya na kamfanin. Ga mai Camaro ta 1967 zuwa 1981, ko Nova, ko tsohuwar Mustang, ko a-kori-kura, a ganina nan ne kuɗi ya fi yin aiki. Kuma tunda sifirin na nan a wurinsa, yawancin azuzuwan tsarin kamfani suna karɓarta.

Gyara sandunan da motar ta zo da su

Mustang ta 1979 zuwa 2004, da tsofaffin Chevelle, Malibu, Monte Carlo da Buick Regal masu jan baya na kamfanin GM, sun fito da sanduna huɗu daga kamfani: biyu a ƙasa a miƙe, biyu a sama a karkace. Camaro da Firebird na 1982 zuwa 2002 kuma doguwar sanda guda ce ta taso daga aksul ta bi gefen furofela. Kamfani ya yi su ne don jin daɗin zama, da siraran ƙarafa da bushin roba mai laushi.

Gyaran a hankali ake yin sa, kuma wannan ne daɗinsa. A canja sandunan ƙasa da masu ƙarfi. A sa na sama masu murɗawa don saita kusurwar bakin aksul. In an sauke motar ƙasa, sandar ƙasa takan koma tana kallon ƙasa ta gaba, mahaɗar turi ta faɗi, sai a walda faranti mai ramuka a aksul a sauke gindin sandar. Maganin karkacewa kuwa, mai arha shi ne jakar iska a cikin sifirin dama, mai kyau shi ne sandar hana karkata irin ta tsere.

Haɗarin a bodi yake. A Mustang musamman, akwatunan da sandunan ke kamawa sukan yage in taya ta fara kamawa da gaske, don haka a ƙarfafa su da walda, a kuma haɗa shasin gaba da na baya, kafin a sa silik. Kada a raina wannan tsari: an ga Mustang masu ƙafar kamfani da radiyal mai faɗin milimita 275 suna cinye ƙafa 660 cikin ƙasa da sakan 5.

Sandunan tsani

Amurkawa na ce musu lada-ba, don kowace sanda kamar ɗan tsani take: baki biyu a aksul, baki ɗaya a gaba. Tsawonsu yawanci inci 32 zuwa 36. Mahaɗar turi a nan ba sai an yi lissafi ba, ita ce ƙusar da ta riƙe bakin gaba, ido na ganinta. Ka ɗaga bakin rami ɗaya, dukan ya ƙaru; ka sauke, ya ragu. Ramukan ba su da yawa, don haka da wuya mutum ya ɓace.

Sai an yi walda: sandar gicciye a shasi, faranti a aksul, sifirin mai naɗi a jikin shokozoba, da wata sanda da za ta hana aksul zamewa gefe. In ma'aunin mai walda ya kauce ko da kaɗan ne, motar ba za ta taɓa tashi a miƙe ba. Saboda gajartarsu suna dukan taya sosai, sai shokozoba mai kyau ya riƙe su. Babban aibinsu a titi yake. Sandunan biyu sun kama aksul kam, ba sa barin bodi ya karkata, don haka duk kwana da duk hawan da taya ɗaya ta riga ɗaya, ƙarfe ne ke sha. A haka faranti ke tsagewa, kan sanda ya karye. Kuma duk turin motar a kan ƙusoshi biyu na gaba yake, shi ya sa ake sa musu maɗaurin tsaro, don in ɗaya ta tsinke kada sandar ta caki ƙasa.

Sanduna huɗu na tsere

Wannan shi ne abin da ke ƙarƙashin motocin azuzuwan Pro Stock da Pro Mod. Sanduna biyu sama, biyu ƙasa, duk a miƙe, da faranti masu jerin ramuka gaba da baya. Mahaɗar turi ba ƙusa ba ce, wuri ne a iska inda layin sandar sama da na ƙasa za su haɗu in an ci gaba da ja, don haka kana iya kai ta can gaba ko ka janyo ta kusa, ka ɗaga ko ka sauke. Tsawo daban, tsayi daban, abin da tsani ba zai ba ka ba. In mota na zuwa dama, a rage tsawon sandar dama ta sama da fuska ɗaya ta noti, kashi ɗaya cikin shida na juyi ke nan, a sake gwadawa.

Kayan kansu ba su fi na tsani tsada da yawa ba. Aikin ne ke cin kuɗi, don yawanci sai an yanke rabin bayan motar an gina sabon shasi da ƙarafan kariya, a gajarta aksul, a faɗaɗa gidan taya. Dubban daloli ake magana. Tsarin yana barin bodi ya ɗan karkata fiye da tsani, amma kawuna takwas na sandunan masu ƙwallon ƙarfe ba sa son ƙura da ramuka, kuma sai an riƙa duba su.

Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne, a cikin tarin haɗe-haɗen ramukan nan kaɗan ne suka dace da motarka, sauran duk hanyoyin ɓata ne. Wanda ba shi da sikelin auna kowace taya, ba ya zana inda mahaɗarsa take, ba ya rubuta abin da ya taɓa, zai iya kashe kuɗin mota guda ya dawo da lokacin da ya fi na da muni. Yawan rami ba shi ne yawan kamun ƙasa ba.

| Tsari | Kuɗi | Ɗaurawa | Saiti | A titi | Inda yake ba da matsala |
|---|---|---|---|---|---|
| Sandar mari | Mafi arha | Noti kawai | Kaɗan ƙwarai | Lafiya lau | Lanƙwasa falle, gugar ƙasa |
| CalTracs | Matsakaici | Noti da matsa bushin | Rami biyu da murɗi | Da ɗan ƙara | Ɗaurin da ya yi yawa |
| Gyaran na kamfani | Ana yi kaɗan-kaɗan | Noti da 'yar walda | Matsakaici | Ya danganta da bushin | Yagewar bodi |
| Tsani | Da tsada | Walda sosai | 'Yan ramuka | Bai dace ba | Tsagewar faranti |
| Sanduna huɗu | Mafi tsada | Yankan rabin mota | Mai yawa ƙwarai | Da wahala | Ɓata a saiti, cinyewar kawuna |

Abubuwa biyu da ba ruwansu da wanda ka zaɓa

Shokozoba. Sanduna su ke faɗar ƙarfin da zai je wa taya, shokozoba shi ke faɗar saurin zuwansa. Mai maɓallin saiti biyu, ɗaya na miƙewa ɗaya na matsewa, irin na QA1, Viking, Strange ko AFCO, ya fi kowane ƙarfe a jerin nan sauya halin mota. In taya na juyawa nan take, a sassauta miƙewa don aksul ya yi saurin faɗa mata. In ta kama sannan ta saki bayan 'yan ƙafafu, ko dai dukan ya yi yawa sai a ƙara taurin miƙewa, ko taya ce ke turo aksul sama sai a ƙara taurin matsewa. Gaban motar ma yana da hannu, shi ya sa ake sa masa irin wanda ake kira 90/10, mai saurin miƙewa da jinkirin dawowa. Da a ce kuɗina na abu ɗaya ne, nan zan kai su.

Sai kusurwar bakin aksul. Tunda bakin yana ɗagawa in an tashi, ana sunkuyar da shi tun a tsaye don ya daidaita da furofela a ƙarƙashin ƙarfi. Sifirin mai falle yakan so digiri 4 zuwa 7, sanduna huɗu na tsere 1 zuwa 2 da rabi, tsani kuwa rabin digiri zuwa ɗaya ya ishe shi. Wannan ba ya ƙara kamu, kare furofela yake yi. A sa mata zoben kariya kuma, don in ta tsinke ta gaba kada ta dasa kai a kwalta.

Kowane gwaji, abu ɗaya za a taɓa. A sa wani ya ɗauki bidiyon tayar baya daga gefe da waya, a kalla a hankali, a duba ko gidan taya ya buɗe ko ya rufe. Iskar taya ma a rubuta, da yanayin fili, don filin da aka fesa wa maganin danƙo da rana tsaka ba ɗaya yake da na dare ba, balle wanda ba a fesa masa komai ba.

Wa ya dace da me

In motarka mai sifirin falle ce, injin bai wuce na kamfani da yawa ba, kuma damuwarka tsallen taya ne kawai, sandar mari ta ishe ka. In ka taɓa injin, kana sa silik ko radiyal a ƙarshen mako amma da motar kake komawa gida, CalTracs da shokozoba mai saiti.

In Mustang ce ko ɗaya daga motocin GM masu sanduna tun daga kamfani, kada ka yanke komai tukuna. Ƙarfafa bodi, canja sanduna, sa sandar hana karkata, ka ga inda lokacinka zai tsaya. Yawancin mutane ƙarfin injinsu kan ƙare kafin wannan tsari ya gaza.

Mai motar da ba ta hawa titi, wanda ke tseren da ake cin nasara da maimaita lokaci iri ɗaya, kuma shi kaɗai yake zuwa fili ba mai taya shi, tsani ya fi masa. Ya saita sau ɗaya, ya koma yana taɓa shokozoba da iskar taya.

Sanduna huɗu na wanda ƙarfin injinsa ya kai taya ba ta iya ɗaukar duka lokaci guda ne, mai turbo babba ko iskar nitiros mai ƙara wa inji ƙarfi, wanda ke yawo filaye daban-daban, ajinsa ya yarda da yanka, yana da sikeli da littafin rubutu, kuma ya san maginin shasin da zai ɗaga masa waya in motar ta fara nufar katanga. Kafin ka biya ko sisi, nemi takardar dokar ajin ta bana, ka karanta sashen ƙafar baya tare da maginin.